Shekarar da Maroƙi Ya Kira Sunan Furera

Ruwan bana ya yi mana irin halinsa. Ya zo da wuri, kowa ya zuba iri, gero ya fito ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke ta bar mu da rana. Ina zaune a ƙofar ɗaki da hantsi ina kallon masarar da aka shuka mini a tsakar gida tana nannaɗe ganye, sai ga sallamar wasu 'yan mata su uku cikin fararen kaya. Daga makarantar jinya ta jami'a suke. An gaya musu wai cikin waɗanda suka rage a yankin nan babu wadda ta riga ni riƙe allura, su kuma suna haɗa kan tsofaffin ɗalibai da tsofaffin ma'aikata don a tara gudummawar gyaran ɗakin kwanansu. Yara ne masu ladabi, har ƙasa suka gaishe ni. Babbarsu ta ce duk wanda ya bayar za a rubuta sunansa a jikin bango, a kuma faɗe shi a rediyo.

Na ce, "'Yan nan, abin da Allah ya hore zan bayar. Amma sunana ku bar mini abina a gida."

Suka yi dariya, sun zaci tawali'u ne irin na tsofaffi. Ni kuwa duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba a nan na yi suna ba. Wata shekara ce ta faɗo mini, kuma ranar da ake ƙwallawa da ganyen nan da ke nannaɗewa su suka taso da ita.

Saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai ne. A bayan ɗan asibitin da ke Wudil a lokacin akwai wani aji na koyon jinya da karɓar haihuwa, ɗakunan ƙasa biyu da rumfar girki da 'yar gona a baya. Malama Kande ce ta tsaya tsayin daka aka kafa shi. Gajeruwar mace ce, ga faɗa, ta yi aikin asibiti a birni ta dawo gida. Ita ta bi gidaje da ƙafarta tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu, yawancinmu zawarawa ne da 'yan matan da suka ɗan taɓa boko. Ba ƙaramar magana ta sha ba kafin a yarda mace ta kwana a wajen gidan ubanta don koyon wanke ciwon wani. A hannunta muka koyi tafasa allura, da wanke gyambo, da ɗaure cibiya da zare mai tsabta. In kika manta wanke hannu, mari ne zai tuna miki. Na gama aka tura ni ɗakin shan magani na Lajawa, a can na yi aure. Mai gidana manomi ne, bai kuma hana ni aikina ba.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Rijiyarmu sai an haɗa igiya biyu kafin guga ta taɓa ruwa, ruwan ma ja ne, sai an bar shi ya kwanta. Kogin Wudil ya janye ya bar yashi fari fat, mata na tona rami a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsatso. Da ruwan farko ya sauka aka fita shuka ana murna. Sai ya ɗauke. Geron ya tsaya cak, ya yi fari, ya kwanta a kan kunya. Aka fita roƙon ruwa, manya da yara. Da ya dawo aka sake shuka, amma da hatsin da ya kamata a ci. Wannan shi ya karya mutane: kaka ta ja baya, rumbuna kuma tun bara ba su cika ba.

A gidanmu muka koma tuwo sau ɗaya, da almuru. Da safe kunun kanwa ne tsararo, kina sha kina jin yana wucewa kamar ruwa. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama, in an sami ƙuli-ƙuli an gode Allah, in babu a barbaɗa gishiri da barkono a rufe ido. Dusar da muke ba awaki ta koma tukunya. Amma abin da na fi tunawa shi ne shirun gari. Da, tun asuba ƙarar turmi ke tashin mutum, gida yana amsa wa gida. A shekarar nan sai ka wayi gari ba ka ji ko ɗaya ba. Wadda Allah ya ba abin dakawa ma sai ta shigar da turmi ɗaki, ta shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinsa don kada maƙwabta su ji. Ba rowa ba ce. In aka ji, za a zo, in aka zo kuma ba ka iya cewa babu, ba ka kuma iya ba kowa.

Cikin wannan hali Malama ta aiko a kira mu, duk wadda ta taɓa zama a ajinta. Muka hallara a gindin tsamiyar bayan asibiti, waɗanda ke aiki da waɗanda mazajensu suka bari. Na tarar ta rame, zanenta har ya yi mata yawa. 'Yan ajin suna zaune daga gefe, wuyansu duk ya fito.

Ba ta yi dogon gaishe-gaishe ba. Ta ce, "An zo daga birni. An ce abin da ake ba mu na abinci ba za a ƙara ba, ku kuma kun san yadda hatsi ya koma. In ban iya ciyar da yaran nan har kaka ba, a sallame su a rufe ajin. Na san kuma in aka rufe an rufe ke nan. Mutumin da ya ba ni 'yarsa da ƙyar, na mayar masa da ita da yunwa, ba zai sake ba ni ba, maƙwabcinsa ma ba zai ba ni ba." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ban iya roƙo ba, kun sani. Amma ba ni da kowa sai ku."

Wallahi da faɗa ta yi mana da ya fi mini sauƙi. Matar da muke jin takunta mu nutsu, ita ce ke magana ƙasa-ƙasa.

Akwai wata a cikinmu, Binta, mai aiki a Utai, mace mai kuzari da baki. Ita ta ce, "Malama, ai mutanenmu sai da zuga. Ko a wurin biki, wa ke fito da abin kirki in babu maroƙi? Mu sa rana, Juma'ar da kasuwa ke ci. Kowa ta kawo abin da ta samu nan ƙofar asibiti, a ɗauko Tanko maroƙi ya tsaya a bakin hanya. Duk wadda ta kawo ya faɗe ta. Masu hali in suka ji ana kiran sunan mata, ko don kunya za su kawo nasu."

Duk muka yi na'am. Haka muka taso muka ga ana yi, a suna da biki da naɗi: wanda ya yi abin kirki a faɗe shi a bainar jama'a, shi ne girmamawa. Babu wadda ta ga aibun abin. Malama ma ta ce to.

Aka raba aiki, kowa ta bi waɗanda ba su sami zuwa ba. Ni Furera ta faɗo mini. Furera 'yar Utai ce, tana aure a Dagumawa, gidan wani malami da ake ce wa Malam Isa. Tare muka zauna a ajin, tabarmarmu ɗaya. Da gyambo ta fara zuwa asibitin tana yarinya, ƙafa ta ruɓe har ana zancen yankewa, Malama ta ce ba a isa ba. Ta yi wata da watanni tana wanke ƙafar nan da hannunta har ta warke, daga nan ta riƙe ta ta koya mata aiki. Da Furera ta yi aure ta shiga kulle ta bar aikin, amma haihuwar unguwarsu duk a hannunta take. Ranar taro tana da ɗanyen goyo ba ta zo ba, sai ta aiko da saƙon baki: a gaya wa Malama dawar da ke cikin rufewarta, ɗan rumbun da ke ɗakinta, ta makaranta ce.

Bayan 'yan kwanaki na ari jaki na tafi. Rana na dukan ƙeya, hanya duk gonaki ne da shukar biyu, 'yar ƙarama, ba ta ma rufe ƙasa ba. Na sami Furera a ɗaki. Muka gaisa, na tambayi jariri da mai gida da gajiya, ta tambayi mutanen Lajawa. Na ga idonta ya yi ja, na ɗauka rashin barcin goyo ne. Ta buɗe 'yar rufewar da ke bayan gadonta, hatsin da ta tara da ladan karɓar haihuwa da kaɗin zarenta, ta dinga kwasa tana zubawa a taiki. Bai fi rabi ba ya tsaya, na ji ƙwarya na kankarar gindin rufewa.

Na ce, "Ke Furera, ki rage wa kanki mana. Kina shayarwa fa."

Ta ce, "Mai gida na kawo abin da ya samu. Wannan na riga na ce na Malama ne. Ki gaishe ta, ki ce ƙafa na gaishe ta."

Muka yi dariya, ta rako ni har bakin zaure. Zancen maroƙi bai ma shigo hirarmu ba, don ban ɗauke shi wani abu ba.

Ranar Juma'a kasuwar ta cika, amma ba irin cikar da aka saba ba. Masu sayarwa sun fi masu saye. Shanu ramammu, awaki, tasoshin ɗaki, har ƙyauren ƙofa na ga an kawo. Layin 'yan hatsi kuwa mutane sun yi cirko-cirko suna kallon mudu, ba mai cewa a auna. Mu kuma muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar asibiti, kan hanyar shiga kasuwa. Tanko ya zo da babbar riga, ya hau wani kututture. Mutum ne mai murya, in ya buɗe baki sai ka ji shi daga bakin kogi.

Da farko abin ya yi armashi. Aka kira Binta, aka kira ni, aka kira wani falke da ya aiko da wake, mutane suka taru suna kallo. To shi maroƙi ba ya faɗin abu yadda yake, sana'arsa ke nan. Ƙwarya a bakinsa masaki ce. Da aka sauke taikin Furera ya tambayi mai shi, aka gaya masa, sai ya ɗaga hannu sama.

"Ina masu ji? Furera 'yar Utai, matar Malam Isa na Dagumawa, ta buɗe rufewa ta ce a kwasa! Mai hatsin da ba ya ƙarewa! Jaki ya kawo, jaki zai koma ya ƙaro!"

Mata suka yi guɗa. Ni ma ina murmushi, ina cewa a raina bari in koma in tsokane ta. Sai na lura da wani dogon mutum a bakin hanya, riƙe da igiyar akuya, ya tsaya kamar an dasa shi. Ya jawo akuyar ya matso inda nake, ya yi sallama, muka gaisa.

Ya ce, "Baiwar Allah, wace Furerar ake faɗa?"

Na ce, "Ta Dagumawa, matar Malam Isa."

Ya dubi taikin, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "To. Allah ya amfana." Ya ja akuyarsa ya shiga kasuwa.

Binta ce ta matso ta raɗa mini cewa wannan Haruna ne, yayan Furera, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce gidansa na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa a Utai, akuyar nan ita ce ta ƙarshe.

Kafin wata Juma'ar mun gane abin da muka yi. Duk wadda aka kira sunanta, gidanta ya cika da 'yan uwa, kowa da 'yar ƙwaryarsa a ƙarƙashin mayafi. Ni kaina wata gwaggon mai gidana ta zo ta zauna mini tun hantsi har la'asar, tana cewa ta ji a kasuwa Allah ya buɗa mana. Na rantse mata, ta dube ni kamar maƙaryaciya. Falken da ya ba da wake ya ce shi ba shi ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Waɗanda suka yi alkawarin kawowa kuwa, in sun hango farin ɗankwalinmu sai su canza hanya. Mun ɗauko al'adar ranar wadata mun kawo ta ranar da kowa ke daka a ɓoye. Gudummawa ta tsaya cak, abin da aka tara kuma ba zai kai ko rabin tafiya ba.

Na koma Dagumawa. Labari ya riga ni. Furera na zaune a bakin gado da jariri a cinya, ba ta ko yi mini tayin ruwa ba.

Ta ce, "Ranar da kika zo ɗaukar dawar nan, Yaya Haruna ya riga ki zuwa. A nan ya zauna inda kike. Tun da aka haife ni Yaya bai taɓa roƙona ko allura ba. Ya yi ta zagaye-zagaye, sannan ya ce yara ne, ƙaramar ta fara kumburin ƙafa. Na ɗebar masa tiya guda, na ce iyakar abin da ke nan ke nan."

Na ce, "Don me ba ki gaya masa gaskiya ba?"

"In ce masa me? Ga hatsi amma na ba wasu? Na riga na ce na Malama ne, ai ya fita daga hannuna. Na ce in ya ɗauka babu ce zai haƙura, kowa ma babu yake ji." Ta goge ido da bakin zane. "Yanzu a tsakiyar kasuwa ya ji, wai hatsina ba ya ƙarewa."

Haushi ne ya cika ni, na Tanko, na Binta, na kowa, na ruwan da ya ƙi sauka a kan kari.

Da na kai wa Malama maganar ta dafe kai. Washegari ta sa aka ɗora dawar Furera a jaki aka kai Utai, gidan Haruna. Kafin la'asar jakin ya dawo da kayansa. Wai ya ce ba shi ya kawo ba, ba shi zai karɓa ba, kuma shi ba ya so Juma'a mai zuwa a hau kututture a ce makaranta ta ciyar da gidan Haruna. Har yau in na tuna ina jin haushinsa, yarinya na kwance kana zancen kututture. Amma kuma mu muka nuna masa yadda muke yi da sunan mutane.

Malama ta sallami Tanko, ta ce an gode. Sannan ta sa aka kawo mata babbar randa daga wurin maginan tukwane, aka ajiye a lungun ɗakin da muke wanke bandeji, aka rufe da faifai. Ta aika wa kowaccenmu da magana ɗaya: duk wadda ta zo gaishe ta, kafin ta zauna ta shiga ɗakin wanki ta wanke hannu kamar yadda aka koya mata. Ba mai bin ta, ba mai tambayar ta.

Haka muka koma yi. Ka ga mace ta zo da majinyaci, ko ta zo da damin tafasa a ka, ƙarƙashin ganyen akwai ƙullin gero. Wata a haɓar zane, wata a cikin goyo. Wadda ba ta da komai ita ma ta shiga ta wanke hannu ta fito, babu wanda ya san bambanci. Sannu a hankali har matan gari da muka taɓa karɓar haihuwarsu suka fara zuwa wanke hannu. Abin da ke cikin randar ba shi da suna: gero, dawa, wake, busasshen rogo, tsakin masara, duk a haɗe ake niƙawa. Tuwon ya fito wata irin kala, 'yan ajin suna ci suna yi masa waƙa.

Noman 'yar gonar makaranta kuma muka kira gayya, kowa ta kawo mijinta ko ƙanenta. Gayya ce ba makaɗi ba tuwo. Maza suka sunkuya tun sassafe da ciki wayam, ba ka jin komai sai ƙarar fartanya da nishi. Da rana ta take aka fito musu da kunu, Malama da kanta take miƙa ludayi, tana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Mai gidana ya ce tun da yake bai taɓa zuwa gayyar da mai gona ya fi manoma jin kunya ba sai ranar.

Sai marka ta kama. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya, dare da rana. Ɗakunan ajin suka fara yoyo, muka jera tasoshi, katangar rumfar girki ta zube. Itace ya jiƙe, sai hayaƙi, mai girki na hura wuta tana hawaye. Kogi ya cika ya yi ja. Gero ya yi kore shar ya fi mutum tsawo, kana kallonsa cikinka na kuka, don babu abin da za ka tsinka a kai tukuna. Wannan ne lokacin da ya fi wuya. Asibiti ya cika da masu kurkunu, manoma ƙarfafa a kwance ana naɗe musu tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya, gonakinsu na can ciyawa na ci. Ga yara masu zawo, ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja. 'Yan ajin ne ke kansu. Na ga wata ta yanke jiki ta faɗi da tasar ruwan zafi a hannu, aka ba ta kunu ta tashi ta ci gaba.

Randar ba ta taɓa cika ba, ba ta kuma taɓa ƙarewa ƙaf ba, amma ba ta isa kowa ba. Dole Malama ta tura sababbin shiga gida, ta ce hutu ne, ta riƙe waɗanda suka kusa gamawa. Ranar da suka tafi ta raka su har bakin hanya cikin yayyafi, ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Daga cikinsu akwai wadda ubanta bai sake bari ta dawo ba.

Ana dab da fara karyar gero mutumin birnin da ya kawo maganar rufe ajin ya sake zuwa. Ya zagaya, ya ga hayaƙi na tashi a rumfar girki, ya ga 'yan aji a kan aiki, ya leƙa gonar baya. Ya ce tun da an kawo nan, a ci gaba. Malama ta jira sai da motarsa ta ɓace, sannan ta zauna a ƙasa, a kan taɓo, da farin kayanta. Muka karyo tumu daga gonar makaranta muka gasa a bakin murhu, muna murzawa da zafinsa muna watsawa a baki. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba.

A makon ne aka aiko cewa 'yar Haruna ta rasu, ƙaramar. Ko tiya goma aka ba shi tana iya tafiya, na ga irinta da yawa a shekarar, zawo in ya haɗu da kumburi ba ya jin magani. Haka na yi ta gaya wa Furera a hanya. Malam Isa ya ba ta izini, ni na raka ta. Muka bi ta cikin gonaki, gero ya sunkuyo da kai ta ko'ina, tsuntsaye na tashi.

Mun tarar da maza zaune a ƙofar gida. Mace in ta zo gaisuwar rasuwa ba ta tsayawa wurin maza, sallama take yi ta wuce cikin gida wurin mata, balle gidan da aka haife ta. Furera ta sunkuyar da kai ta nufi ƙofa. Sai Haruna ya miƙe daga cikin mutane ya riga ta shiga zaure. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya leƙa ciki ya ce, "A kawo tabarma zaure, an yi baƙi."

Aka kawo sabuwar tabarma aka shimfiɗa. Muka zauna. Shi ya tsuguna daga bakin ƙofar da ke shiga gidan.

Furera ta ce, "Yaya, ya haƙuri?"

Ya ce, "Sai godiya."

"Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin. An gode." Sannan ya ce, "Na ji an ce makarantar ta tsaya."

Ta ce, "Ta tsaya, Yaya."

"To madalla." Ya juya ya sake magana cikin gida. "A kawo wa baƙi ruwa, suna da tafiya a gaba."

Aka kawo a kwanon da ake ajiye wa baƙi. Daga inda muke muna jin muryar matan gidan, har da ta gwaggonta da ta goya ta. Furera ta karɓi kwanon da hannu biyu ta sha, ta ce an gode, muka tashi. Haruna ya yi shekaru masu yawa bayan nan, bai taɓa yi mata kallon banza ba, bai taɓa ƙin amsa gaisuwarta ba. Amma har ya koma ga Allah, iyakarta zaure.